Na juya VMDK zuwa qcow2, Windows Server ya ƙi tashi a Proxmox

Ɗan Kurna ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman taimakonku a kan wani aiki da ya tsaya mini, ga shi hutu ya kusa ƙarewa, ana dawowa makaranta dole komai ya kasance yana aiki.

Ni nake kula da kwamfutocin wata makarantar sakandare mai zaman kanta a nan Kano. Muna da saba guda ɗaya, HP ProLiant, wadda ke ɗauke da ESXi 6.7, manhajar kamfanin VMware da ke tafiyar da kwamfutoci da yawa a cikin inji ɗaya, tun kafin na fara aiki da su. A kanta akwai VM biyu, wato irin waɗannan kwamfutocin da ke gudana a cikin sabar. Na farko Windows Server 2019 ne, shi ke riƙe da manhajar kuɗin makaranta da sakamakon jarabawa, da SQL Server a ƙarƙashinta. Na biyun Ubuntu 22.04 ne mai ɗauke da Moodle, wanda 'yan SS3 suke gwajin jarabawar kwamfuta a kansa kafin JAMB.

Tun watan Oktoba na 2022 aka daina tallafa wa ESXi 6.7, kuma bayan Broadcom ta sayi VMware a ƙarshen 2023 lasisin ya koma na haya, ana biya ana sabuntawa. Makaranta irin tamu da ke karɓar kuɗi da naira ba za ta ɗauki nauyin da ake lissafawa da dala ba. Shi ya sa mai makaranta ya sayo saba ta biyu, tokumbo, na ɗora mata Proxmox VE 8 mai yin irin aikin ESXi, da niyyar mu kwashe komai zuwa can.

Ga yadda na yi. Na kashe VM ɗin duka biyu, na kunna SSH a kan ESXi, na kwafo fayilolin faifan zuwa sabuwar saba da scp. A kowace folda na ɗauko guda biyu, wato mai suna kawai kamar bursary.vmdk da kuma ƙaton, bursary-flat.vmdk. Daga nan, don in juya faifan Windows daga VMDK, tsarin faifai na VMware, zuwa tsarin qcow2, na buga:

qemu-img convert -p -f vmdk -O qcow2 bursary.vmdk bursary.qcow2

Ya kai ɗari bisa ɗari ba tare da wani ƙorafi ba. Na ƙirƙiri VM mara faifai mai lamba 101, na shigar da faifan da qm importdisk 101 bursary.qcow2 local-lvm, na liƙa shi a matsayin SCSI tunda na ga kowa na cewa VirtIO SCSI ya fi sauri, na zaɓi OVMF, wato UEFI, a wajen BIOS. Haka na yi wa na Ubuntu a lamba 102.

Abin da ya biyo baya shi ne ya hana ni barci. Windows yana fara tashi, tambarinsa ya fito, ɗige-ɗigen su zagaya kaɗan, sai shuɗin allo mai rubutun INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE, ya sake kunna kansa, ya sake komawa nan. Ubuntu kuma ya tashi lafiya, amma babu netwok ko kaɗan. Wanda ya fi ɗaga mini hankali, da na shiga ta allon Proxmox na duba bayanan Moodle, sai na tarar tambayoyin da malamai suka zuba a zangon da ya wuce babu ko ɗaya. Abin da ke ciki ya tsaya ne a wajen ƙarshen bara. Malamar Kimiyya kaɗai ta shigar da tambayoyi masu yawan gaske da hannunta, ban san da wace fuska zan kalle ta in ce sun ɓata ba.

Tambayoyina: shin qemu-img ne ya lalata faifan Windows wajen juyawa, in nemi wata manhaja kamar StarWind V2V Converter in sake? Ko qcow2 ne bai dace ba, in juya zuwa raw? Kuma ina bayanan Moodle suka shiga? Ban goge komai a tsohuwar saba ba, tana nan a kashe yadda na bar ta. Allah Ya saka da alheri.

Malam Tudun Wada ya amsa:

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka kwantar da hankalinka, jimlarka ta ƙarshe ita ce mafi daɗin ji a duk bayaninka. Muddin tsohuwar saba tana nan ba a taɓa ta ba, ba ka yi asarar komai ba. Ka bar ta haka, kada kowa ya ce zai yi mata fomat don ya sami wurin ajiya, ko da mai makaranta ne da kansa.

qemu-img bai lalata maka komai ba, kuma sake juyawa da wata manhaja ba zai canza abin da kake gani ba. VMDK da qcow2 da VDI da VHDX duk mazubi ne kawai. Juya ɗaya zuwa ɗaya kamar ka juye gero ne daga wannan buhu zuwa wancan, geron bai san an yi ba. Abin da ke cikin faifan, wato Windows da direbobinsa da saitinsa, yana nan daidai yadda yake a lokacin da yake zaune a kan VMware, kuma a nan matsalar take. Ya farka ya tarar an canza masa kayan injin gaba ɗaya, ba wanda ya sanar da shi.

Shuɗin allon da kansa ya ba mu labari mai kyau. Da a ce BIOS ne ba ka dace ba, da ba za ka ga tambarin Windows ba sam, da saƙon cewa babu faifan da za a tashi daga kansa za ka gani, ko ka faɗa cikin baƙin allon UEFI. Tunda ya kai ga tambari, OVMF ɗin da ka zaɓa daidai ne. In kana son tabbatarwa, buɗe fayil ɗin .vmx na tsohon VM, za ka ga layin firmware = "efi". A cikin wannan fayil ɗin dai ka duba scsi0.virtualDev, zai nuna maka lsisas1068 ko pvscsi. Wannan ita ce kontirolar da Windows ya saba ganin faifansa ta cikinta. Kai kuma ka miƙa masa faifan ta VirtIO SCSI, wadda Windows ba ya zuwa da direbanta. Mai tayar da shi ya karanto shi ta hanyar UEFI, amma da zarar Windows ya karɓi ragama sai ya nemi faifan da yake tsaye a kai ya rasa. Ma'anar INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE ke nan, tsofaffin hannu sun san shi da 0x7B tun zamanin XP.

Gyaran ba shi da wuya, amma sai an bi shi a jere. Kashe VM 101, ka cire faifan da Detach, zai koma Unused Disk. Danna shi sau biyu ka mayar da shi a matsayin SATA. Kada ka manta ka shiga Options ka gyara Boot Order, domin Proxmox ba ya saka sabon faifan a jerin da kansa, kuma mutane da yawa a nan suke sake rikicewa su zaci wata sabuwar matsala ce. Windows yana da direban SATA a jikinsa, don haka zai tashi. In ya yi gardama, ka bar shi ya shiga Safe Mode sau ɗaya, yawanci daga nan yake gane hanya.

Da ya tashi, ka sauko da ISO na virtio-win, wanda ake samu a shafin Fedora, ka saka masa a matsayin CD, ka kunna virtio-win-guest-tools.exe. Sai dai girka direban kaɗai ba ya wadatarwa, kuma wannan shi ne wurin da na fi so ka riƙe. Windows ba ya ɗaukar direban faifai a matsayin wanda ake buƙata lokacin tashi sai ya ga na'urar da ke amfani da shi da idonsa. Saboda haka ka ƙara wani ɗan ƙaramin faifai na 1 GB a matsayin SCSI, kontirola VirtIO SCSI single, ka tabbatar ya bayyana a Disk Management. Ba sai ka yi masa fomat ba. Bayan nan ka kashe VM, ka cire ɗan faifan, ka sake Detach na babban, ka mayar da shi SCSI, ka sake gyara Boot Order. Yanzu zai tashi a kan VirtIO. Akwai hanyar dism daga CD na girka Windows, inda ake cusa direban da ke foldar vioscsi\2k19\amd64 kai tsaye, amma ga wanda bai saba ba hanyar ɗan faifan ta fi aminci.

Ni dai shawarata kada ka bar shi a SATA don kawai ya tashi. Na ga masu yin haka suna cewa ai yana aiki. SQL Server yana yawan karatu da rubutu, ranar da malamai talatin suka zauna shigar da maki a lokaci ɗaya za ka ji bambancin.

Batun raw ko qcow2 kuma, ka riga ka sami raw ba tare da ka nema ba. local-lvm ba ya ajiye qcow2, duk abin da ka shigar masa yana mayar da shi raw a cikin LVM-thin. Wato juyawar farko da ka yi ba ta ma zama dole ba, qm importdisk yana karɓar VMDK kai tsaye. qcow2 yana da amfani ne idan ma'ajin naka folda ce ta talakawa ko NFS, inda shi ne zai ba ka damar ɗaukar sinafshot.

Yanzu Moodle. Ina da yaƙinin cewa akwai sinafshot, wato hoton halin da faifai yake ciki a wani lokaci, a kan wannan VM, wataƙila wanda ya riƙe wurin kafin kai ko kai kanka aka ɗauka kafin wani sabuntawa aka manta da shi. Idan aka ɗauki sinafshot a ESXi, babban fayil ɗin -flat.vmdk yana daskarewa a wannan ranar, ba a ƙara rubuta masa komai. Duk sabon abu yana tafiya cikin wani fayil na daban mai suna kamar moodle-000001.vmdk tare da abokinsa mai ƙarewa da -delta.vmdk ko -sesparse.vmdk. Kai ka ɗauko tushen ne ka bar abin da aka gina a kansa. Koma cikin foldar ka buga ls -lh, za ka gan su. Tambayoyin Malamar Kimiyya suna can.

Hanyar da na fi yarda da ita: ka fara kwafe foldar VM ɗin gaba ɗayanta zuwa wani faifan waje, sannan ka shiga Manage snapshots a ESXi ka danna Delete all. Sunan yana da ban tsoro amma ba ya goge bayanai, haɗe su yake yi ya zuba cikin babban fayil. Wanda za ka guje wa kamar wuta shi ne Restore ko Revert, shi ne zai mayar da kai bara da gaske. Ka tabbatar akwai sarari a ma'ajin, kuma don Allah kada ka fara wannan aikin a kan wutar gari kaɗai. In aka ɗauke wuta ana tsakiyar haɗewa, a nan ne ake samun ɓarnar da ba ta gyaruwa cikin sauƙi. Ka sa a tayar da janareto, ko ka tabbatar batiran inbata a cike suke.

Kuma ka duba foldar bursary ita ma. Tunda Windows bai tashi ba tukuna, ba ka da tabbacin cewa shi ba shi da irin wannan sinafshot ɗin. Lissafin kuɗin makaranta da ya koma baya da wata shida ba tare da an lura ba ya fi ɓatan tambayoyi haɗari, domin iyaye za su zo da rasit a hannu.

Maman Ilham ta amsa:

Malam ya gama magana a kan Windows, Allah Ya ƙara ilimi. Bari in ɗan taɓa ɓangaren Ubuntu tunda shi ne aikina kullum.

Rashin netwok ɗin suna ne kawai ya canza. A kan VMware katin vmxnet3 yana fitowa da suna ens160 ko ens192, a kan Proxmox kuma yawanci ens18 ne. Fayil ɗin netplan naka har yanzu tsohon sunan yake kira. Buga ip a ka ga sabon sunan, ka buɗe fayil ɗin yaml da ke cikin /etc/netplan, galibi 00-installer-config.yaml ne, ka canza sunan, sannan sudo netplan apply. In ka ga an rubuta macaddress a ƙarƙashin match, shi ma ka gyara ko ka cire. Ka kula da tazarar farkon layi, yaml ba ya yafe wannan. Bayan nan ka cire open-vm-tools ka saka qemu-guest-agent, kuma ka kunna QEMU Guest Agent a Options, in ba haka ba bakof da kashewa daga Proxmox ba za su tafi daidai ba.

Ka yi sa'a Ubuntu ne. Shi yana zuba kusan duk direbobin faifai a cikin initramfs, shi ya sa ya tashi kai tsaye. Da Rocky ko AlmaLinux ne, da ka ga irin abin da Windows ya yi maka, domin dracut yana ɗaukar direbobin injin da aka girka shi a kai ne kawai, sai an sake gina initramfs da na virtio. Na faɗi wannan ne saboda masu karantawa daga baya.

Inda zan ɗan saɓa da Malam shi ne, tunda dai za ka sake kwaso Moodle daga farko, ban ga dalilin sake wahalar scp ba. Tun Proxmox VE 8.2 da ya fito a watan Afrilu na 2024 akwai hanyar shigo da VM daga ESXi kai tsaye. Ka je Datacenter, Storage, Add, ka zaɓi ESXi, ka ba shi adireshin tsohuwar saba da kalmar sirri. Zai jero maka VM ɗin da ke can, ka danna Import. Shi da kansa yake karanta .vmx ya ɗauko yawan RAM da CPU da nau'in BIOS, ka ga an rage wuraren da mutum zai yi mantuwa. Sannan scp yana da wata illa: faifan da aka yi thin, in an ce 500 GB ne amma 120 GB kaɗai aka cika, scp zai jawo 500 ɗin duka har da sifilin da ke ciki. Amma ko da wannan hanyar, ka fara haɗe sinafshot ɗin kamar yadda Malam ya ce, domin shigowa da sinafshot a kai yana da matuƙar jinkiri. Ka haɗa sabobin biyu da waya a suwic ɗaya mai gigabit, kada aikin ya bi ta rauta na ofis.

Akwai kuma virt-v2v na Red Hat, wanda yake juya faifan kuma ya cusa direbobin virtio cikin Windows a tafiya ɗaya. Ya fi dacewa da mai VM da yawa a kan KVM da libvirt. Don guda biyu, abin da aka gaya maka ya isa.

Ɗan Maraɗi ya rubuta:

Salamu alaikum. Ku gafarce ni in shigo da tawa tunda maganar ɗaya ce. Ina koyar da matasa aikin kwamfuta a wata cibiya a Maraɗi. Na shirya wani VM na Ubuntu a VirtualBox a kan kwamfutata, da duk kayan aikin da ɗalibai za su buƙata a ciki, faifan VDI ne kusan 18 GB. Injinan ɗakin karatun kuma Windows 10 Pro ne da Hyper-V, mai tafiyar da VM na Microsoft, a kunne, kuma mai cibiyar ba ya so a ƙara musu wata manhaja. Intanet ɗinmu ba zai ɗauki kowa ya sauko da kayan da kansa ba, so nake in raba musu faifan da kile USB.

Na nemi in juya da VBoxManage na VirtualBox zuwa VHDX, tsarin faifan Hyper-V, ya ƙi. Da na ce bari in kwafe VDI ɗin haka nan zuwa kile mai 64 GB, sai ya ce fayil ɗin ya yi girma, alhali babu komai a cikinta. Malam, ina mafita?

Malam Tudun Wada ya amsa:

Wa alaikumus salam mutanen Maraɗi. Hajiya Maman Ilham, na karɓi gyaranki, hanyar Import ta fi masa sauƙi. Ni dai na saba da yi da hannu ne don in ga kowane fayil da idona, amma a halin da yake ciki taki ta fi.

Ɗan'uwa, filashinka FAT32 ce, kuma FAT32 ba ta karɓar fayil guda da ya kai 4 GB komai girman filashin. Yi mata fomat zuwa exFAT ko NTFS.

VirtualBox yana iya karanta VHDX amma ba ya rubuta shi, shi ya sa ya ƙi. Hanya biyu gare ka. Ko ka fitar da VHD tukuna:

VBoxManage clonemedium disk ubuntu.vdi ubuntu.vhd --format VHD

sannan a kan injin da ke da Hyper-V ka buɗe PowerShell ka yi Convert-VHD daga .vhd zuwa .vhdx. Ko kuma ka tafi kai tsaye da qemu-img convert -f vdi -O vhdx. In wata rana VHD kake so daga qemu-img, ka sani a wurinsa vpc ake rubutawa ba vhd ba, tunda tsarin daga Virtual PC ya samo asali, wanda Microsoft ta saya daga Connectix a 2003. VHD yana tsayawa a kusan 2 TB, VHDX da ya zo da Windows Server 2012 yana kaiwa 64 TB, amma a naka girman wannan bai dame ka ba.

Abin da zai dame ka shi ne zaɓen Generation. VirtualBox ya saba girka Ubuntu da tsohon BIOS sai in kai ka kunna EFI da hannunka. In BIOS ne, Generation 1 za ka zaɓa a Hyper-V, kuma shi yana karɓar VHD ma, ka ga ba sai ka yi juyi na biyu ba. Generation 2 na UEFI ne kuma VHDX kaɗai yake karɓa, sannan sai ka kashe Secure Boot ko ka canza shi zuwa Microsoft UEFI Certificate Authority kafin Ubuntu ya tashi. Ba a canza Generation bayan an ƙirƙiri VM, sai dai a sake wani. In Hyper-V ya yi ƙorafin cewa fayil ɗin sparse ne, wanda yakan faru da abin da qemu-img ya fitar, fsutil sparse setflag ubuntu.vhdx 0 yana warware shi.

Kafin ka juya ka cire Guest Additions, kuma ka kashe VM ɗin kashewa ta gaske, ba Save State ba. Tunda injina da yawa za ka raba wa, ka ɗauki SHA256 na fayil ɗin da Get-FileHash a wurinka, ka gwada a kan kowane inji bayan kwafewa. Filashin da ake sayarwa a kasuwa ba duka ne girman da aka rubuta a jikinsu yake gaskiya ba, wata za ta nuna ta karɓi 18 GB alhali rabi ya zube.

Ɗan Kurna ya dawo:

Alhamdu lillahi. Malam, Hajiya, Allah Ya biya ku, Ya jiƙan mahaifa.

Kamar yadda Malam ya faɗa, na tarar da moodle-000001.vmdk da na sesparse ɗinsa a foldar. Na kwafe foldar duka zuwa faifan waje, na sa aka tayar da janareto, na danna Delete all. Ya daɗe a kashi casa'in da wani abu har gabana ya fara faɗuwa, amma na ƙyale shi ya gama. Na shigo da shi ta hanyar Import da Hajiya ta nuna, na gyara ens160 zuwa ens18, tambayoyin nan duka sun dawo har na ranar ƙarshe ta zango. Foldar bursary ba ta da sinafshot, na duba.

Windows ma ya tashi a SATA, na bi hanyar ɗan faifan 1 GB, yanzu yana kan VirtIO SCSI, kuma buɗe rahoton aji ya fi sauri a kan yadda yake a da.

Saura abu biyu. Da na zo saka masa tsohon adireshinsa, 192.168.1.10, sai ya ce wai akwai wani katin da ke riƙe da wannan adireshin, alhali kati ɗaya nake gani. Na biyu, manhajar kuɗin makaranta ta buɗe amma tana cewa lasisinta ba na wannan injin ba ne, ta hana shigar da sabon biya. VMware Tools kuma ya ƙi fita, ina danna Uninstall yana rufewa.

Malam Tudun Wada ya amsa:

Madalla, barka da arziki.

Tsohon katin vmxnet3 yana nan a ɓoye riƙe da adireshin. Buɗe Device Manager, View, Show hidden devices, ka duba ƙarƙashin Network adapters, za ka gan shi a dushe. Cire shi, sannan ka saka adireshin a kan katin VirtIO.

Manhajojin irin wannan sukan ɗaure lasisinsu da lambar MAC ta katin netwok, wasu kuma da UUID na injin. A cikin bursary.vmx ka nemi ethernet0.generatedAddress, zai fara da 00:0c:29, na Proxmox kuwa yana farawa da BC:24:11. Kwafi tsohon ka saka a Hardware, Network Device, MAC address. In bai wadatar ba, ɗauki uuid.bios ka saka a Options, SMBIOS settings. Amma daga lokacin da ka yi haka, kada tsohon VM da sabon su taɓa kasancewa a kunne tare a netwok ɗaya, ka cire wa tsohuwar saba wayar netwok gaba ɗaya. Ka kuma kira waɗanda suka sayar muku da manhajar ka gaya musu kun canza saba, su rubuta a wurinsu, don kada ranar sabunta lasisi a sami saɓani. Windows kansa zai iya neman a sake kunna lasisinsa, ka nemo makullin tun yanzu.

VMware Tools an fi cire shi tun VM yana kan ESXi, domin mai cire shi yakan ƙi aiki in ya ga ba a kan VMware yake ba. Tunda an riga an wuce nan, shiga services.msc ka mayar da duk hidimomin da suka fara da VMware zuwa Disabled, ba za su dame ka ba.

Yau ɗin nan ka saita bakof a Datacenter, Backup, ya riƙa zuwa faifan da ba na cikin sabar ba, kuma ka gwada mayar da guda ɗaya a wata lamba kamar 901, da katin netwok a cire, ka ga ya tashi. Tsohuwar saba kuma ka bar ta da bayananta har a gama karɓar kuɗin zangon farko a fitar da sakamako a kan sabuwar.